Kwalbar da Na Girgiza

Segbana, ƙasar Dahome,
10 ga Yuli, 1960.

Zuwa ga taubashiyata Batulu,

Gaisuwa mai yawa da so da begen ganinki. Ina fata kina lafiya, da Inna da Gwaggo Mariyamu da yaran gida duka. Yaya damina a Bagudo? Mu nan ruwa ya kankama, alhamdu lillahi.

Bayan haka, na iso lafiya. Da muka shiga jirgin Sarkawa za mu ƙetare Kwara, idona a rufe har muka kai gaci, kada ki gaya wa kowa. Mun kwana a Kaoje, muka bi ta Tsamiya. Iyakar nan da ake ta faɗi, ni ban ga komai ba sai wani dutse da aka shafa wa farar ƙasa, da wani ɗan sanda mai gajeren wando da ya tambaye mu ko muna ɗauke da goro.

Na tarad da Baba ya rame kaɗan, kuma gwiwar nan tana damunsa in ya daɗe a tsaye. Inna ta yi gaskiya da ta ce in taho in kama masa aiki. Maigidan da yake yi wa kuku Bafaranshe ne, likitan dabbobi, sunansa Furniye, amma Fulanin nan Mai Allura suke ce masa. Yana jin Hausa, sai dai kowa mace ne a bakinsa, har Baba "ke Ma'azu" yake ce masa. Matarsa, Madam, ba ta da hayaniya. Ran da na iso ta tambaye ni sunana, na ce Sakinatu, amma ƙasa na gaya wa, sai da Baba ya maimaita mata.

Tana da littattafan soyayya masu hotuna, ta ce in riƙa ɗauka. Ba na jin Faransanci, sai in bi hotunan in ƙaga nawa labarin. Akwai wani mai gashin baki da yake tsaye a bakin jirgin ƙasa riƙe da fure, na sa masa suna, ba zan gaya miki ba don na san bakinki.

Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan nan shi ne yadda Baba yake shirya abinci. Mu a gida tuwo ake fara tukawa, ruwan sha kuwa randa na nan. Su waɗanga mutane abin sha ne ke gaba. Likita zai aiko da safe a ce kwalba kaza za a buɗe yau, sai Baba ya tsara abin da zai dafa ya dace da ita. Giyar inabi ce, Batulu, ja har ta yi baƙi-baƙi, ta wani gari nasu wai shi Kahor, inda aka haifi Likita. Kada gabanki ya faɗi, Baba bai taɓa kai ta baki ba, ni kuma ya hana ni ko taɓa kwalbar. In ya zuba musu sai ya wanke hannu har gwiwar hannu. Ya ce ya daɗe abin na cinsa a rai, amma da wanga aiki ya ciyar da mu.

Na tambaye shi to yaya ya san ɗanɗanon abin da bai taɓa sha ba. Ya ce da kunne da ido. Shekara da shekaru Likita na kwatanta masa, shi kuma yana kallon fuskarsa in ya kurɓa. Wai tana da bauri irin na ɗanyen goro, mai kama dasashi ya busar da harshe, da ɗan tsami a bayansa. Ƙanshinta kuwa kamar nunanniyar ɗinya, da ƙasar da ruwan fari ya taɓa, da ɗan warin fata irin na rumfar dukawa. Na ce wa Baba to mi ye abin daɗi a nan. Ya yi dariya ya ce shi ma tambayar da ya kasa yi ke nan tun kafin a haife ni.

Ya ce baurin nan maiƙo ne maganinsa, shi ya sa take son naman rago da agwagwa da cukun Fulani da ake kira wagashi. In aka haɗa ta da kifi, wai sai bakin mutum ya yi kamar ya lashi ƙarfe. Barkono kuma hura ta yake yi kamar wuta. Don haka busasshen kifin Kaoje da Gwaggo ta ba ni in kawo, mu muka cinye abinmu a bayan kicin, ki yi mata godiya.

Akwai magana ɗaya da ke hana Baba sukuni. Ranar ɗaya ga watan gobe Dahome za ta sami mulkin kai, kuma Likita da Madam za su koma ƙasarsu. Wani likita ɗan ƙasa zai karɓi aikin da gidan, shi zai ce ko yana son kuku ko ba ya so. Kin san Baba ba shi da gona a Bagudo tun da ya bar wa ƙanensa fadamar, kuma gwiwarsa ba ta noma ba ce. Ya ce in an sallame shi zai koma gida ya zauna a zaure yana jiran a miƙo masa akushi, ya fi jin tsoron wannan bisa komai. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ki gaishe min da kowa. Ki rubuto, ki ba masu kawo gishiri.

Taki har kullum,
Sakinatu.

Segbana,
7 ga Agusta, 1960.

Zuwa ga Batulu, mai bakin tsiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, na ji lafiyarku na gode Allah. Kin ce wai zan dawo ina cin tuwo da cokali mai yatsu. Ki jira, ke zan fara koya wa, da hannunki irin na masu dakan sakwara.

An yi bikin mulkin kai. An sauke wata tuta an ɗaga wata mai kore da rawaya da ja, 'yan makaranta suka yi waƙa, ruwa ya kore mu kafin a gama jawabi. Na tsaya a bayan Baba na leƙa. An ce namu na Nijeriya sai watan Oktoba, ko a Bagudo ma za a yi rawa?

An sa ranar da sabon likita zai zo ya ga gida, Lahadi ta sama. Ba wanda ya san shi a nan, sai dai an ce a Dakar ya yi karatu tare da Turawa. Baba ya ce wanda ya zauna da su haka, bakinsa ya zama nasu, don haka a teburin nan za a auna shi. Ni kuwa, tunda ke ce zan gaya miki, na riga na zana shi a raina. Dogo, wankan tarwaɗa, mai magana a hankali, zai shigo kicin neman ruwa ya tarad da ni, in sunkuyar da kai. Daga nan ban san abin da ke biyo baya ba, domin ko a littafi in an kai wurin nakan rufe in ɗan huta.

Likita ya fito da wata kwalba daga ƙarƙashin sito, duk ƙura da yanar gizo. Mahaifinsa ne ya ba su ita shekarar da aka ɗaura musu aure, suka taho da ita cikin jirgin ruwa, suka yi ta ajiya suna jiran babbar rana. Ya ce ba zai sake ƙetare teku da ita ba, a nan za a sha ta. Ya ɗauko ta da hannu biyu kamar jinjiri, ya tsayar da ita a lungun kanta cikin siton, ya ce kada kowa ya matsa kusa. Na ga Madam ta shafa takardar jikin kwalbar da ɗan yatsa, shi kuma ya dafa kafaɗarta. Wallahi Batulu na tsaya da tsintsiya a hannu na manta abin da nake yi. Ashe tsofaffi ma suna yi.

Abincin da aka tsara zabi ne, irin dahuwar mahaifiyar Likita. Ana jiƙa naman ya kwana cikin wata giyar mai araha da albasa da ganye, a dafa shi a ciki har romon ya yi kauri. Baba ya iya shi ƙwarai, ya ce da shi zai nuna gwanintarsa. Ki taya mu addu'a.

Ina jin daɗin zama nan fiye da yadda na zata. Da la'asar nakan zauna gindin mangwaro da littafi, shanu na wucewa, ba mai aikena. Sai dai ina kewar surutunki.

A gaida Inna da Gwaggo.

Taki,
Sakinatu.

Segbana,
16 ga Agusta, 1960.

Zuwa ga 'yar'uwata Batulu,

Ina gaishe ki gaisuwar kewa, da fatan kowa na lafiya. Mu ma lafiya lau yanzu, ko da yake shekaranjiya na so ƙasa ta tsage in shige. Ki nemi wuri ki zauna, kuma ki riƙe dariyarki sai kin kai ƙarshe.

Ranar Lahadi da sassafe Likita ya ɗauki mota ya tafi tarbo baƙo a hanyar Kandi. Baba ya fita duba gawayi, ni kuma ina share sito. Hasken taga ya faɗa kan kwalbar nan, sai na hango wani baƙin guiɓi kwance a gindinta, mai kauri. Kin san abin da Inna ta koya mana tun muna ƙanana. In za ki ba baƙo kunu ko fura, ki motsa tukuna, domin wadda ta tsiyaye wa baƙo ruwan sama ta bar gari a ƙasa marowaciya ce, ta ja wa gidansu zagi. Na ce a raina, su duka hankalinsu ya tafi wurin nama, ba wanda ya lura albarkar abin ta kwanta. Kada a zuba wa babban baƙo tsararo a ce kukun gidan bai san aiki ba.

Na san an hana ni taɓawa. Sai na naɗe hannuna da tsumma, na ce ai ba ni na taɓa ba. Na ɗauke ta na girgiza, na juya ta sama da ƙasa kamar mai kaɗa nono a gora, har sai da na ga komai ya haɗe. Na maida ta wurinta ina jin na yi abin kirki. Har na je na gaya wa Baba da bakina, ina jiran ya sa mini albarka.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna bisa turmi ya cire hula ya riƙe. Can ya ce mini guiɓin nan shi ne abin da ake gudu. Tsufa ne ke sa shi, ɗaci ne da tsakuwa-tsakuwa, kuma dalilin tsayar da kwalbar kwana da kwanaki ke nan, don ya kwanta a tsiyaye na sama a hankali. Abin da muke kira rowa, su shi ne karamci. Ya ce kafin ya sake kwanciya sai an yi kwanaki, baƙo kuwa yana hanya.

Ina cikin kuka Madam ta shigo. Ta ɗaga kwalbar ta duba a haske, ta gan ta dagule kamar Kwara a tsakiyar damina. Baba ya buɗe baki zai ce shi ne, ni kuwa da ban taɓa haɗa ido da ita ba, sai na ji bakina yana ba ta labarin kunu da fura da Inna. Ta saurara har na gama. Ta tambaye ni, wato don girmama baƙo na yi? Na ce e. Ta share idonta da bayan hannu, ban sani ba ko kuka ne ko dariya, ta tafi ta ɗauko wani farin ƙyalle mai laushi daga akwatinta. Baba ya tace giyar a hankali cikin wani tulun gilashi, kamar yadda muke tace gasara. Ta ɗan washe amma ba ta koma yadda take ba.

Daga nan sai Baba ya ce ba za a kai zabi tebur ba. Madam ta ce a'a, ai abincin surukarta ne, kuma naman ya riga ya kwana a jiƙe. Baba ya ce zabo ba shi da kitse, giyar kuma yanzu baurinta ya tashi, in suka haɗu za ta kama bakin baƙo ya rasa abin da yake ci. Sai abu mai maiƙo sosai zai kwantar da ita. Ban taɓa jin ya musa mata ba sai ran nan. Bai kuwa janye ba. Ta dube shi ta ce, to Ma'azu, kicin naka ne.

Ya aike ni da gudu wurin Sambo mahauci, na karɓo haƙarƙarin rago mai kitse da aka yanka da safe. Baba ya shafe shi da man shanu da tafarnuwa da masoro, ba barkono ko ƙwaya ɗaya, ya gasa shi bisa garwashi yana juyawa, gwiwar tana ciwo amma ya ƙi zama. Ni na dafa shinkafar Kaoje na soya wagashi. Ba mu yi wa juna magana ba sai "miƙo" da "karɓi".

Yanzu ki yi dariyarki. Da motar ta tsaya na leƙa ta tagar kicin. Sabon likitan gajere ne, mai sanƙo, da ɗan tumbi, ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Sunansa Bunyaminu, mutumin Jugu ne, 'ya'yansa har sun shiga makaranta. Bai shigo kicin neman ruwa ba, na kuma gode Allah.

Sauran labarin daga bakin Baba na ji, da ɗan abin da na hango ta labule. Da ya zo zuba wa baƙo, sai mutumin ya rufe tambulan da tafin hannu, ya ce cikin Hausa a ba shi ruwan randa. Sannan ya tambayi Baba a hankali wa ya yanka ragon, kuma ko wani abu daga kwalba ya shiga tukunya. Baba ya ce Sambo ne ya yanka da bisimilla, kuma ba abin da ya taɓa naman sai man shanu. Mutumin ya yi bisimilla ya ajiye wuƙa da cokali ya sa hannu. Baba ya ce a nan ne ya tuna tukunyar zabin da ke rufe a kicin. Da ita ya kawo, da baƙo ya tashi da yunwa, ko kuma ya ci bai sani ba ya ji daga baya. Duk mun ɗauka wanda ya yi karatun Turawa ya bar salla a can.

Shi kuwa Likita Furniye ya ɗaga tambulansa a fitila, ya ga ba ta da sheƙi, ya dubi Madam. Ta yi masa wata doguwar magana da Faransanci, na ji sunana a ciki, na kusa faɗawa cikin tukunya. Ya sansana, ya kurɓa, ya ɗauki tsokar rago ya bi da ita. Sai ya ce wa Baba giyar ta zama kamar tsohon da aka tasa daga barci, tana faɗa, amma kitsen ya ba ta haƙuri. Wai ƙanshin ɗinyar na nan, kuma ya ji ƙasar garinsu a ciki. Su biyu suka shanye abinsu, washegari suka ci zabinsu.

Har yanzu sabon likita bai ce komai ba game da aikin. Ya dai suɗe ƙashi, na ga farantin da idona. Baba ya ce kada mu sa rai da yawa. Ni ban ƙara shiga sito ba.

Ki gaida mutanen gida. Labarin girgiza ya tsaya tsakanina da ke, in kin faɗa ba ni ba ke.

Taki,
Sakinatu.

Segbana,
4 ga Satumba, 1960.

Zuwa ga Batulu, abin ƙaunata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata ruwa bai ci shinkafarku ba, don mun ji an ce Kwara ta cika ta taɓa fadamun Kaoje. Allah ya tsare.

Ki je ki gaya wa Inna yanzu, an bar Baba a aikinsa. Likita Bunyaminu ya kira shi ran da ya tare, ya ce masa shi ba mai yawan baƙi ba ne kuma ba ya ajiye kwalba a gida, amma yana son mutumin da zai ci abin hannunsa bai tambaya ba. Ya kuma sa a kawo kujera kicin saboda gwiwar. Baba ya dawo ya yi alwala ya yi nafila, ya daɗe a zaune bisa buzu. Da ya tashi sai ya ce mini rabonsa da ya ji hannunsa nasa ne tun yana saurayi.

Likita Furniye da Madam sun tafi ranar Alhamis ta wancan makon. Fulani sun taho daga rugage da ƙwaryar nono don sallama. Madam ta bar mini littattafan duka, ta rungume ni a gaban mutane, na rasa inda zan sa fuskata. Likita ya ce wa Baba "ke Ma'azu, sai wata rana".

To ga inda gizo ke saƙa. Washegari Baba ya sa farar rigarsa ya je ya tambayi sabon maigida mi za a dafa, yana lissafa masa gasassu da miyar Turawa iri-iri. Mutumin ya ce shi duk ya gaji da waɗanga, tun Dakar yake mafarkin tuwon masara da miyar kuɓewa. Baba ya ce to, ya dawo kicin ya tsaya. Batulu, ashe Baba bai taɓa tuƙa tuwo ba. Tun yana yaro Turawa suka ɗauke shi, a gida kuma mata ke yi. Mutumin da ya iya dahuwar da ko sunanta ba mu iya faɗi ba, ga shi riƙe da muciya kamar mai riƙe da sandar kiwo.

Tukunyarsa ta fari duk gudaji, muka ba kaji. Ya dube ni ya ce, to malama, a koya wa ɗalibi. Yanzu kullum da hantsi ni ke tsaye shi ke zaune bisa kujerarsa, ina cewa Baba rage wuta, Baba talgen bai nuna ba, yana cewa to, to. Jiya Likita ya cinye malmala biyu ya aiko a ƙaro, kuma Baba ne ya tuƙa da hannunsa, ni miya kawai na kaɗa. Ya hana ni faɗa wa Inna, ya ce in ta ji ba zai ƙara samun hutu a Bagudo ba.

Zan zauna nan har iyalin Likita su iso bayan kaka. Ki roƙi Gwaggo ta aiko mana da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, na nan ba su kai namu ba. Ki haɗo da muciya mai kyau, ta gidan nan ta yi wa Baba gajarta.

Allah ya sada mu da alheri. A gaida Inna, a gaida Gwaggo, a shafa min kan yara.

Ni ce taubashiyarki,
Sakinatu Ma'azu.